BABI NA UKU: RAWAR DA SAKACI DA WULAƘANCI KE TAKAWA WAJEN GINA MUGUN TAURARO A ƘAGAGGEN LABARI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin taurari da matsayinsu a cikin ƙagaggen labari, an kuma nuna cewa ta bakinsu da ayyukansu ne marubuci ke isar da jigonsa ga mai karatu. Wannan babi zai keɓanta ga nau'i ɗaya daga cikinsu, wato mugun tauraro, musamman wanda ba da muguntar ya fara ba. Akwai tauraron da mai karatu kan sadu da shi a farkon labari yana mutumin kirki, ko kuma yaro ƙarami abin tausayi, amma kafin a kai ƙarshe ya zama shi ne abin tsoro. Abin da za a bi diddigi a nan shi ne hanyar da marubuta kan bi su kai tauraro daga wancan matsayi zuwa wannan, da kuma rawar da sakaci da wulaƙanci ke takawa a kan hanyar.

An zaɓi taurari uku domin wannan nazari. Na farko shi ne Abubakar na cikin Jiki Magayi. Sauran biyun daga adabin Ingilishi aka ɗauko su domin kwatanci, wato Heathcliff na cikin Wuthering Heights da kuma halittar nan ta cikin Frankenstein. Dalilin kawo su shi ne, duk da nisan ƙasa da zamani da al'ada, marubutan sun bi turba kusan iri ɗaya wajen gina su. Daga nan za a dubi wasu taurarin da aka wulaƙanta amma ba su lalace ba, domin ta haka ne za a gane ainihin inda bambancin yake.

3.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Sakaci a wannan nazari yana nufin barin mutum ba kulawa daga wanda nauyin kulawar ke wuyansa, kamar uba ko mariƙi ko dangi ko kuma jama'ar gari baki ɗaya. Mai sakaci ba lalle ne ya ɗaga hannu ya bugi kowa ba, laifinsa shi ne kau da kai. Wulaƙanci kuwa aiki ne da ake yi da gangan domin a ƙasƙantar da mutum, kamar duka da gori da hana ilimi da ƙwace masa haƙƙi don an fi shi ƙarfi ko dukiya. Sau da yawa su biyun tare suke tafiya, domin mai wulaƙanci ba ya samun sarari sai waɗanda ya kamata su tsawata sun yi shiru.

Mugun tauraro shi ne wanda ke cutar da wasu taurarin da niyya, kuma cutarwar tasa ita ce ke tafiyar da wani babban sashe na labarin. Ya kamata a lura cewa ba duk abokin hamayyar babban tauraro ne mugu ba, haka kuma babban tauraro da kansa yana iya zama shi ne mugun, kamar yadda za a gani a misalan da ke tafe.

3.2 Hali: Gado ko Tarbiyya

Bahaushe yana da ra'ayi biyu game da halin ɗan Adam, kuma duka biyun suna cikin karin maganarsa. A gefe guda yakan ce hali zanen dutse, wato abu ne da aka zo da shi wanda ba ya kankaruwa. A ɗaya gefen kuma yakan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ke nuna cewa hannun da ya riƙi mutum yana da ta cewa a kan yadda zai kasance.

Tatsuniya ta fi karkata ga ra'ayi na farko. Kura a kullum mai kwaɗayi ce, Gizo a kullum mai wayo ne, Dodo kuwa ba a taɓa tsayawa a faɗi abin da ya mayar da shi Dodo ba. Mai ba da tatsuniya ba ya bukatar dalili, domin masu sauraro sun riga sun san halin kowa tun kafin a ce ga ta nan ga ta nanku. Masanin adabin nan na Ingila, E. M. Forster, a littafinsa na 1927 a kan ƙagaggen labari, ya raba taurari gida biyu: masu fuska ɗaya, waɗanda ake iya taƙaita halinsu a jimla guda kuma ba sa sakewa, da masu fuskoki da yawa, waɗanda ke iya ba mai karatu mamaki ta hanyar da hankali zai karɓa. Taurarin tatsuniya suna cikin kashi na farko. Tauraron da wulaƙanci ya mayar mugu kuwa dole ya faɗa kashi na biyu, domin sai an ga yadda yake a da, an ga abin da aka yi masa, sa'an nan a ga abin da ya zama.

3.3 Abubakar a Cikin Jiki Magayi

Jiki Magayi, wanda John Tafida Umaru da Rupert East suka rubuta, yana cikin littattafai biyar na farko da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Sauran su ne Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Ya bambanta da 'yan'uwansa ta wajen cewa a kan soyayya da ramuwar gayya aka gina shi.

A farkon labarin Abubakar saurayi ne mai neman auren Zainabu, suna kuma son juna. Babu wata alamar mugunta tare da shi. Sai ga Malam Shehu, attajiri mai mata amma ba shi da ɗa, ya sa rai cewa ta wajen Zainabu ne zai sami haihuwa. Dukiyarsa ta yi rinjaye, aka ɗaura masa aure da ita, Abubakar ya tashi a tutar babu. Abin lura a nan shi ne irin raunin da aka yi masa. Rasa budurwa abu ne da kan sami samari da yawa su kuma haƙura. Abin da ya fi ci wa Abubakar rai shi ne dalilin rasawar, wato an auna shi da wani a ma'aunin kuɗi an ga bai kai ba. Wannan shi ne wulaƙancin. Sakacin kuwa na jama'a ne, domin an sha biki, gari ya ci gaba da harkokinsa, ba a mayar masa da abin da ya rasa ba.

Daga nan sai marubutan suka fitar da shi daga gari. Ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, ya sha wahala mai yawa a hanya. Wannan doguwar tafiya tana da aiki biyu a cikin zubin labarin. Na farko, ta raba shi da duk wanda zai iya ba shi baki, don haka babu muryar da yake ji sai ta zuciyarsa. Na biyu, kowace wahala da ya sha ta zama ƙarin bashi da yake ɗora wa Malam Shehu, har ya kai matsayin da fasawa za ta zama asarar shekarun da ya ɓatar. Ashe ke nan tafiyar da ya yi domin neman maganin baƙin cikinsa ita ce ta ƙara rura shi.

Muhimmin wuri a labarin shi ne zaɓin wanda za a rama a kansa. Zainabu ta haifa wa Malam Shehu ɗa namiji, wanda ake kira Kyauta, kuma sunan kansa ya isa ya nuna matsayin yaron a zuciyar uban da ya daɗe yana jiran haihuwa. Abubakar bai nufi Malam Shehu kai tsaye ba. Ya auna abin da attajirin ya fi ƙauna, kuma abin da saboda shi ne aka raba shi da Zainabu. Asirin ya kama yaron, ya tashi ɓarawo, ya jawo wa iyayensa abin kunya, daga ƙarshe kuma wata sata da yake ciki ta yi ajalin mahaifinsa.

A wannan gaɓa ce Abubakar ya tashi daga wanda aka zalunta ya koma azzalumi. Kyauta bai san hawa ba bai san sauka ba, ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka yi abin da aka yi. Haka kuma Zainabu, wadda dominta aka fara rigimar, tana cikin waɗanda ramuwar ta fi ƙonawa, domin ɗanta ne ya lalace, mijinta ne ya mutu. Amfani da asiri a nan yana da wata fa'ida ta fuskar gina taurari: ya sauke wa Kyauta mafi yawan nauyin laifinsa ya ɗora wa Abubakar. Mai karatu yana ganin ɓarawo a fili, amma ya san mai laifin na ainihi yana bayan fage. Shi kuwa Abubakar, duk da burinsa ya cika, bai sami Zainabu ba, ƙuruciyarsa kuma ta tafi a yawon neman sharri.

3.4 Heathcliff a Cikin Wuthering Heights

Emily Brontë ta fitar da wannan littafi a 1847, labarin kuma a wani ƙauye na arewacin Ingila yake faruwa. Idan a Jiki Magayi rauni ɗaya aka yi wa saurayi baligi, a nan an nuna wulaƙanci ne na yau da gobe wanda ya fara tun daga yarinta.

Wani maigida mai suna Earnshaw ne ya tsinci yaron a titin birnin Libaful, ba uwa ba uba, ya kawo shi gida ya haɗa da 'ya'yansa biyu, Hindley da Catherine. Aka sa masa sunan wani ɗan gidan da ya rasu, Heathcliff, kuma wannan suna guda shi ne nasa shi ne na mahaifi, domin ba a san asalinsa ba. Maigidan ya fifita shi a kan ɗan cikinsa, abin da ya dasa ƙiyayya a zuciyar Hindley. Da tsohon ya rasu gida ya koma hannun Hindley, sai ya hana yaron karatu, ya mayar da shi cikin barori, ya tura shi aikin gona, ga kuma duka. A nan ya kamata a lura cewa Hindley ma ɗa ne da ya ga uba ya juya masa baya. Marubuciyar ta nuna sarƙa ce: son kan uba ya haifi muguntar Hindley, muguntar Hindley ta haifi ta Heathcliff.

Duk da haka yaron bai lalace nan take ba, saboda yana da mutum ɗaya da ke ɗaukarsa da daraja, wato Catherine. Abin da ya karya shi shi ne ranar da ya ji ta tana gaya wa mai aikin gidan, Nelly Dean, cewa aurensa zai zubar mata da daraja, don haka za ta auri Edgar Linton, ɗan masu hali na maƙwabta. Bai tsaya ya ji sauran maganar ba, inda ta bayyana irin son da take yi masa. A daren ya bar gidan. Kamar Abubakar, an auna shi da mai dukiya an ga bai kai ba, kuma kamarsa ya ɓace daga gari. Bayan shekara uku ya komo da kuɗi da shiga irin ta manya.

Ramuwarsa ta bi tsari. Ya ja Hindley cikin caca har ya jinginar masa da gidan gado. Ya auri Isabella, ƙanwar Edgar, domin ya baƙanta wa wanta, ya kuma gallaza mata har ta gudu. Bayan mutuwar Catherine da ta Hindley, sai ya juya kan 'ya'ya. Ya riƙe Hareton, ɗan Hindley, ya hana shi karatu, ya mayar da shi bara a gidan kakanninsa, wato ya maimaita a kan yaron daidai abin da uban yaron ya yi masa. Ya kuma tilasta wa 'yar Edgar auren ɗansa mai ciwo domin dukiyar gidan Linton ta faɗo hannunsa. Abin da Abubakar ya yi wa Kyauta da asiri, shi Heathcliff ya yi wa Hareton da jahilci. A ƙarshe, bayan gidajen biyu sun zama nasa, sai ya tarar sha'awar ramuwar ta fita daga ransa, ya daina cin abinci, ya mutu.

3.5 Halittar Cikin Frankenstein

Littafin Mary Shelley, wanda ya fito a 1818, shi ne ya fi fito da sakaci tsagwaronsa. Victor Frankenstein ɗalibi ne ɗan birnin Janeba wanda ya je karatun kimiyya a Ingolstadt ta ƙasar Jamus. A cikin ƙagen labarin, ya harhaɗa wata halitta mai siffar mutum, mai tsawon kusan ƙafa takwas. A daren da ta buɗe ido ya ga muninta, sai ya gudu ya bar ta. Bai ciyar da ita ba, bai koya mata magana ba, ko suna bai sa mata ba, har labarin ya ƙare ba ta da shi. Ga mai karatu Bahaushe, wanda ya san cewa raɗin suna ranar bakwai shi ne shaidar uba ya karɓi ɗa, wannan rashin suna ya isa bayani.

Marubuciyar ta ba halittar dama ta ba da labarinta da bakinta, kuma a nan ne aka ga cewa da kyakkyawar zuciya ta fara. Ta ɓuya a wata 'yar rumfa da ke jingine da gidan wani tsoho makaho mai suna De Lacey da 'ya'yansa. Da ta gane talakawa ne, sai ta daina taɓa abincinsu, ta riƙa yo musu itace da dare tana ajiyewa a ƙofa. Ta hanyar saurarensu ta koyi magana da karatu. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta shiga wajen tsohon, ya saurare ta da mutunci tun da ba ya ganin siffarta, amma da ɗansa Felix ya shigo sai ya rufe ta da duka da sanda, iyalin kuma suka ƙaura. Bayan haka ta ceci wata yarinya daga nutsewa a kogi, sakamakon da ta samu shi ne harbin bindiga.

Kisan farko da ta yi na yaro ne, William, ƙanen Victor. Ta kama shi ne da tunanin cewa ƙaramin yaro bai riga ya koyi ƙyama ba, zai iya zama abokinta. Yaron ya zage ta, ya kuma ambaci sunan gidansu, sai ta shaƙe shi. Ta ɗora laifin a kan wata mai aikin gidan, Justine, aka yanke mata hukuncin kisa. Ko a wannan matsayi ta koma wajen Victor da roƙo ɗaya, ya yi mata abokiyar zama su tafi nesa da mutane. Ya amsa, ya fara aikin, sa'an nan ya lalata shi a gabanta. Daga nan ta kashe amininsa Clerval, ta kashe amaryarsa Elizabeth a daren aurensu. A ƙarshen littafin an gan ta tana kuka a kan gawar Victor, cikin wani jirgin ruwa a yankin ƙanƙara na ƙarshen arewacin duniya.

3.6 Matakan Rikiɗar Tauraro

Idan aka jera labaran uku za a ga matakai huɗu da suka yi tarayya a kai.

Mataki na farko shi ne nuna asali mai kyau. Abubakar masoyi ne, Heathcliff maraya ne mai juriya, halittar Frankenstein mai taimako ce. In babu wannan mataki mai karatu ba zai ji zafin abin da zai biyo baya ba.

Mataki na biyu shi ne rauni daga hannun wanda ya fi ƙarfi, kuma raunin yakan taɓa daraja ne fiye da jiki. Talauci da rashin asali da munin halitta abubuwa ne da babu ɗaya daga cikin taurarin da ya zaɓar wa kansa, amma da su aka hukunta su.

Mataki na uku shi ne rufewar ƙofa ta ƙarshe. Kowannensu yana da wani wuri guda da ya rataya begensa: Zainabu ga Abubakar, Catherine ga Heathcliff, gidan De Lacey da alkawarin Victor ga halittar. Wulaƙanci ya daɗe yana gudana a kan biyu daga cikinsu ba su juya ba. Sai da wannan wuri guda ya rufe, aka rasa mai sauraron kuka, sa'an nan tura ta kai bango. Bayan rufewar kuma akan sami lokacin kaɗaici, inda tauraron ke ɓacewa daga idon jama'a yana saƙa da warwara shi kaɗai.

Mataki na huɗu shi ne zaɓi, kuma shi ne ke raba mai neman haƙƙi da mugu. A duka littattafan uku ramuwar ta sauka a kan yaro: Kyauta da Hareton da William. Wannan ba dacewa ba ce kawai. Yaro shi ne mafi rauni a cikin labari, kamar yadda tauraron ya kasance mafi rauni a lokacin da aka cuce shi. Da ya ɗora hannu a kan yaro, ya hau kujerar wanda ya zalunce shi ke nan. A nan ne marubuci ke janye tausayin mai karatu daga kansa, ko da yake ba ya janye shi duka, domin mai karatu bai manta da mafari ba.

3.7 Taurarin da Aka Wulaƙanta Ba Su Lalace Ba

Da wulaƙanci kaɗai ya isa ya mayar da mutum mugu, da duk tauraron da aka cuta ya zama mugu. Adabin Hausa yana da misalan da ke nuna akasin haka. A tatsuniyar Bora da Mowa, 'yar Bora ce ake tsangwama ana tura ta aiki mai haɗari, amma ladabinta da haƙurinta su ne ke kai ta ga arziki, 'yar Mowa da aka shagwaɓa ita ce ke taɓewa.

Misali mafi ƙarfi shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a zubi ɗaya da Jiki Magayi. Umar maraya ne, an sace shi yana ƙarami, an raba shi da mahaifiyarsa, ya faɗa hannun masu cinikin bayi. Abin da ya same shi ya fi na Abubakar tsanani nesa ba kusa ba. Amma ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa ya sa shi karatu, har ya zama malamin da ɗalibai ke zuwa ɗaukar ilimi a wajensa. Haka kuma mijin mahaifiyarsa, Makau, fadawa sun yi masa sharri wajen sarki an kore shi daga gari, amma bai ɗauki hanyar ramuwa ba. Littattafan biyu, in aka karanta su tare, kamar amsa biyu ne ga tambaya ɗaya.

A cikin Wuthering Heights ma akwai irin wannan. Hareton ya sha abin da Heathcliff ya sha, amma da 'yar Edgar ta sauko daga girman kanta ta fara koya masa karatu, sai halinsa na kirki ya fito, har suka shirya aure. Shi ne ma ya yi kukan mutuwar mutumin da ya hana shi ilimi. Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne, hannu ɗaya na kulawa yana iya tsinka sarƙar, kuma ko da an rasa shi, tauraro yana da sauran zaɓi, kamar yadda Makau ya nuna.

3.8 Muhimmancin Wannan Dabara

Ga marubuci, gina mugun tauraro ta wannan hanya yana raba alhakin ɓarna tsakanin mutane da yawa. A Jiki Magayi ba za a iya tuhumar Abubakar a ƙyale Malam Shehu da waɗanda dukiyarsa ta rufe wa ido ba. A Frankenstein tambayar wane ne dodon, mai yin ko abin da aka yi, tana nan a buɗe har shafin ƙarshe. Ta haka labari kan tashi daga hira ya zama sukar zamantakewa: sukar fifita kuɗi a kan alkawari wajen aure, da sukar riƙon sakainar kashi da ake yi wa maraya da agola da ɗan riƙo.

Dabarar tana da haɗarinta. Idan marubuci ya cika nanata wahalar tauraro ya kau da kai daga waɗanda tauraron ya cuta, mai karatu yana iya fita da fahimtar cewa duk wanda aka ɓata wa yana da izinin ɓarna. Marubutan nan sun kauce wa wannan ta hanya biyu. Sun ba waɗanda aka cuta suna da fuska, yadda ba za a manta da Justine ko Isabella ko Kyauta ba. Sun kuma nuna cewa ramuwar ba ta warkar da mai yin ta ba, domin babu ɗaya daga cikin ukun da ya sami abin da ya rasa tun farko. Ga mai nazari kuma, wajibi ne ya bambanta dalili da uzuri. Sakaci da wulaƙanci dalilai ne da ke bayyana yadda aka yi tauraro ya kai bakin rami, amma ba su wanke shi daga abin da ya aikata da hannunsa ba.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an yi ƙoƙarin nuna yadda marubuta ke amfani da sakaci da wulaƙanci wajen mayar da tauraro mugu. An kawo ma'anar kalmomin, an dubi ra'ayin Bahaushe game da hali, sa'an nan aka bi rayuwar Abubakar da Heathcliff da halittar Frankenstein. An gano matakai huɗu da suka haɗa su: asali mai kyau, rauni daga mai ƙarfi, rufewar ƙofa ta ƙarshe, da kuma zaɓin sauke fushi a kan marar laifi. Kwatanci da Shaihu Umar da Makau da Hareton ya nuna cewa matakai biyu na ƙarshe su ne ke yanke hukunci, na uku yana wuyan jama'a, na huɗu yana wuyan tauraron. Babi na gaba zai dubi irin harshen da marubuta kan sa a bakin waɗannan taurari kafin rikiɗarsu da kuma bayanta.